Lissafin da ke ɓoye a haƙoran sarƙar keke da babur

Duk wanda ya saba bin titin Sakkwato zuwa Jega ya san yadda kekuna da babura suke cika shi tsakanin Boɗinga da Shagari: ɗalibai da safe, 'yan kabu-kabu da buhunan gero ranar kasuwa. Wani yana taka feda cikin sauƙi amma ba ya sauri, wani kuwa yana gudu amma gwiwa tana ciwo. Mun ce bari mu duba dalili, sai muka tarar darasin lissafi ne.

Ku juya kekenku ku ƙirga haƙoran farantin da ke jikin feda, sannan na ƙaramin da ke ƙafar baya. A ce na gaba 44 ne, na baya 18. Ku raba 44 da 18, za ku samu kusan 2.4. Wato duk zagaye ɗaya na feda, ƙafar baya tana juyawa kusan sau biyu da rabi. Tayar inci 28 tana cin kimanin mita 2.2 a juyi ɗaya, ke nan taku ɗaya ya kai ku mita 5 da 'yan kai. Idan aka sa mai haƙora 22 a baya, mita 4.4 kawai za ku ci, amma takawar za ta yi laushi. Wanda ke sauka daga kwalta ya shiga yashi zuwa ƙauyensu, wannan ya fi masa amfani.

A babur ƙaramin ne a gaba. Mai 14 da mai 42 suna ba da 3: sai na gaba ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Samari da yawa suna zuwa wurin bakanike a sa musu mai 15 don gudu. Lissafin ya koma 2.8, gudun ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, ƙarfin ja kuwa ya ragu daidai da haka. Ɗora buhu biyu ka shiga rairayi, sai ka ji inji yana nishi, kulocin yana ƙonewa. Birkin kuma shi ne dai na jiya, ba a ƙara masa komai ba.

Kekunan da aka yi yayi a Ingila kafin 1885 ba su da sarƙa, fedar a jikin ƙafar gaba take, shi ya sa ake yin ta ƙatuwa. A shekarar ne John Kemp Starley ya fito da samfurin Rover mai sarƙa a garin Koventiri.

Abin da muka fi jan kunne a kai shi ne tsumulmular canza faranti ɗaya a bar tsohuwar sarƙa. Sarƙar da ta saki takan cinye sababbin haƙora da wuri, kuma tana iya zamewa ana cikin gudu. Idan kun ga haƙoran sun yi tsini sun karkace gefe ɗaya, a canza duka ukun tare.