Mai Ƙwayar HIV Ma Yana Iya Tsufa Cikin Lafiya

Yau za mu yi magana a kan zaman waɗanda suke ɗauke da ƙwayar cutar HIV, wadda take kawo ƙanjamau.

A shekarar 1986 aka fara ba da labarin wannan cuta a Najeriya. A kwanakin can, wanda aka gaya masa yana da ita sai ya fid da zuciya, gama babu magani. Daga 1996 likitoci suka fara haɗa magunguna uku masu danne ƙwayar, abin kuwa ya sāke ƙwarai. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne suke ɗauke da ita a ƙasar nan. Da yawansu suna noma, suna kasuwa, suna renon 'ya'yansu.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar tana cinye sojojin jini da ake kira CD4, masu tsare jiki daga cuta. In sun ƙare, sai tarin fuka da gudawa da sauran cututtuka su sami ƙofa. Maganin ba ya fitar da ƙwayar daga jiki, amma yana hana ta haihuwa, sojojin nan kuwa su sāke yawa. Yawanci sau ɗaya ake sha a rana. Wanda ya riƙe shi ba fashi, cikin wata shida ƙwayar takan ragu har gwaji ya kāsa ganinta. Muddin yana a haka, ba zai sa wa matarsa ta wurin kwana ba. Mace mai ciki da ba ta shan magani, cikin jarirai 100, daga 15 zuwa 45 sukan kamu. In tana sha, abin yakan sauko ƙasa da 5.

To, me yake sa waɗansu su daina sha? Sau da yawa kunya ce. Mutum yakan bar asibitin garinsu ya tafi wani gari don kada a gan shi, in kuɗin mota ya ƙare sai ya fāsa. Wani kuma an yi masa addu'a, aka ce ya warke, ya zubar da magani. Ku ji da kyau: da zarar an daina, ƙwayar takan farfaɗo, wani lokaci ma ta daina jin maganin. Addu'a da magani ba su gāba da juna. Ko lokacin azumi ne, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya, kada a yi fashi.

A Bisharar Yohanna sura 9, almajirai sun ga makaho, suka shiga neman wanda ya yi zunubi. Yesu ya kawar da zancen, ya buɗe idanun mutumin. Mu ma haka ya kamace mu. Ba a ɗaukar HIV ta gaisuwa, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko cizon sauro, ko zama a benci ɗaya. Dokar ƙasa ta 2014 ma ta hana a nuna wa mai ita bambanci a wurin aiki ko makaranta.

Saboda haka, fasto da dattawa su riƙe asirin wanda ya amince da su. Zumuntar mata ta kai ziyara, ta taimaka da hatsi da kuɗin mota. Kada a cire kowa daga ƙungiyar mawaƙa saboda ciwonsa. Kai kuma da ba ka san matsayinka ba, je ka a gwada ka.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ƙarfafa 'yan'uwanmu masu wannan nawaya, ka tsare bakinmu daga tsegumi, ka koya mana ƙauna. Cikin sunan Yesu, amin.