KUKAN INJI DA JAR FITILAR MAI

An shirya wannan takarda ne domin direbobi da masu motocin haya na Garu da sauran garuruwan ƙasar Illela, musamman masu tsofaffin motoci irin su Toyota Hiace da Peugeot J5 da Mitsubishi L300. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, a tasha ko a gareji.

Kowa ya san amfanin motocin nan. Su ke kai albasa da hatsi da awaki da mutane kasuwar Illela ran Lahadi, su ke zirga-zirga zuwa Sakkwato ta Gwadabawa da Kware, su ke kai fatake bakin iyaka ta wajen Birnin Ƙonni. Amma yawancinsu sun tsufa. Ita J5 a 1981 aka fara ƙera ta a Turai, aka daina tun farkon shekarun 1990, watau autar cikinsu ma ta haura shekara 30. Ga shi kuma sau da yawa mota ɗaya gida uku ta ke ciyarwa, da na mai ita, da na direba, da na yaron mota. In injinta ya buga, dukansu sun shiga wahala. To, da wuya inji ya buga bai yi gargaɗi ba. Gargaɗinsa iri biyu ne, kuka da jar fitilar mai. Nufinmu a nan shi ne a san ma'anar kowane, a kuma san abin da ya kamata a yi.

AIKIN BAƘIN MAI

A cikin inji akwai wani babban ƙarfe mai gwiwoyi, wanda a ke kira kiranshaf, shi ne fistin-fistin ke juyawa. Yana kwance ne cikin wasu ƙarafa masu laushi, masu kama da rabin zobe, waɗanda makanikai ke kira metal. Ratar da ke tsakanin kiranshaf da metal ba ta kai kaurin gashin kai ba. Cikin wannan 'yar rata famfon mai ke cusa baƙin mai da ƙarfi, har ƙarfen ya zama yana yawo bisa mai, bai taɓa ɗan'uwansa ba, ko da ya ke yana juyawa sau 2,000 ko 3,000 a minti guda.

Famfon nan daga kaskon da ke ƙarƙashin inji ya ke zuƙo mai ta cikin wata 'yar rariya, ya tura shi ta filta, sa'an nan ya rarraba shi cikin ƙananan hanyoyi har zuwa saman inji inda bawul su ke. Muddin ratar nan tana tsuke, mai ya kan taru da ƙarfi. In metal ya cinye, rata ta buɗe, sai mai ya riƙa zurarewa, ƙarfinsa ya faɗi. Misalinsa kamar mai ban ruwa ne a fadamar Kalmalo wanda tiyonsa ya huhhuje. Injin ban ruwan na aiki, ruwa na nan a rijiya, amma bai kai ƙarshen fage ba.

Daga nan za a gane abu muhimmi. Yawan mai dabam, ƙarfinsa dabam. Sandar awon mai yawansa kaɗai ta ke nunawa. Ita kuwa jar fitilar nan mai hoton buta, ƙarfin ta ke tsaro, kuma a yawancin motoci ba ta kamawa sai ƙarfin ya sauka ƙwarai, wajen lamba 4 zuwa 7 ta awon psi. Saboda haka mota tana iya zama cike da mai, injinta kuwa yana mutuwa da ƙishirwarsa.

IN FITILA TA KAMA A HANYA

Abu na fari, direba ya ratse gefen hanya ya kashe inji nan take. Kada ya ce bari in ƙarasa Gwadabawa. Inji marar ƙarfin mai cikin 'yan mintoci kaɗan ya ke lalacewa. Fasinja za su yi gunaguni, amma gunaguninsu ba ya sayen kiranshaf.

Na biyu, ya dakata kamar minti biyar, mota tana kan daidaitaccen wuri, ya zare sanda ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. In mai ya yi ƙasa, ya cika shi zuwa zanen sama, kada ya wuce, ya kuma leƙa ƙarƙashin mota ko akwai yoyo.

Na uku, ya dubi man kansa. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwan lagireto ya shiga, watau mai yiwuwa gaskit ya ƙone. In ya tsinke yana warin fetur ko gas, man tafiya ne ke gangarawa cikinsa. In kuwa ya murza shi a yatsa ya ga ƙyalli-ƙyalli kamar garin tagulla, metal ne ke cinyewa.

In an cika mai, an tayar, fitila ta mutu, ba kuma baƙon kuka, a tafi sannu zuwa gareji. In ba ta mutu ba, a kashe, a nemi igiya a ja motar. Kuɗin ja bai kai ushirin kuɗin inji ba.

Lokacin da fitilar ke kamawa shi ma shaida ne, sai direba ya riƙe shi don ya gaya wa makanike. In a kwana ta ke ƙiftawa, ko sa'ad da aka taka birki, yawanci mai ne ya yi ƙasa. In sai inji ya yi zafi, mota tana tsaye tana silo, kamar a layin shingen kwastan, ta kuma mutu da zarar an taɓa totur, wannan alamar tsufan metal ce, ko ta famfo, ko ta man da ya tsinke. In kuwa cikin gudu ta ke kamawa, a zargi rariyar kasko, gama dattin tsohon mai da guntayen gam su kan toshe ta.

YADDA A KE RARRABE KUKA

Direban Hiace da na L300 sun yi sa'a, gama injinsu ƙarƙashin kujerar gaba ya ke, kunnensu na kusa da shi. Wanda ya ke son ya san inda kuka ke fitowa, ya ɗauki dogon sukudireba, ya kafa bakinsa a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar. Amma ya naɗe hannun riga, ya tuɓe rawani, ya yi nesa da fanka da fanbel.

1. Ƙaramin kuka, ƙyas-ƙyas-ƙyas, daga saman inji, kamar keken ɗinki. Wannan na bawul ne. Bai da saurin na ƙasa, domin ƙarfen da ke buɗe bawul sau ɗaya ya ke juyawa in kiranshaf ya juya sau biyu. Sau da yawa saiti kawai ya ke so. Amma in sabo ne, ya kuma zo tare da fitila, to, mai ne ba ya hawa sama.

2. Kwankwasa daga tsakiyar inji da sassafe, wadda ke ɓacewa in inji ya ɗumama. Fistin ne ya yi sako-sako cikin silinda. Tsufa ne, mota tana iya daɗewa da shi in ana kula da ita.

3. Ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, sa'ad da mota mai fetur ke hawan tudu da kaya. Wannan ba na mai ba ne. Ko dai gurɓataccen fetur ne, ko tayimin ya wuce, ko inji ya yi zafi. A sauko da giya, a kuma je a gyara, domin in ya daɗe ya kan huda fistin.

4. Bugu mai kauri, ƙwas-ƙwas-ƙwas, daga ƙasa, kamar maƙeri na dukan ƙarfe, wanda ke ƙaruwa da zafin inji da taka totur. Wannan metal ɗin konrod ne. Makanike ya kan gane silindar da ke da laifi ta hanyar cire wayar filogi ɗaya bayan ɗaya, ko sassauta bututun nozul in motar mai gas ce. Wadda aka kashe kukan ya ragu, ita ce.

5. Gurnani mai nauyi da a ke ji har a ƙafa, musamman in mota ta ɗauki kaya tana tashi. Wannan manyan metal ne da kiranshaf ke kwance a kansu.

Na huɗu da na biyar ba a tafiya da su ko zango ɗaya. In aka tsaya da wuri, sai a kai kiranshaf wajen masu wanke shi, su rage masa kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ko rabin milimita, a sa metal daidai da wannan awo. In aka yi taurin kai, konrod ya kan karye ya fasa jikin inji, sai sayen wani.

A kuma lura, ba kowane kuka ne na ciki ba. Fanbel mai sako-sako ya kan yi kuwwa, bakin salansa da ya tsage ya kan yi tas-tas da safe. Kada a yarda a sauke inji sai an kawar da waɗannan.

GANI YA KORI JI

Kunne inda ciwo ya ke ya kan nuna, amma ba ya faɗin zurfinsa. Wannan sai awo. Akwai wani ɗan maɓalli da aka ɗaura a jikin inji, shi ke kunna fitilar, shi ma ya kan lalace ya yi ƙarya. Makanike na ƙwarai ya kan kwance shi, ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinsa, ya bar inji ya yi zafi sosai, sa'an nan ya karanta. Awon inji mai sanyi ruɗi ne, gama mai yana da kauri a lokacin.

Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce lamba 10 ta psi ga kowane juyi 1,000 a minti. Littattafan gyara na tsofaffin injunan Toyota da yawa sun ce a silo kada ya kasa lamba 4, a juyi 3,000 kuwa ya kasance tsakanin wajen 35 da 70. In awo ya yi kyau, maɓalli ne ya lalace, kuɗinsa kaɗan ne. In ya kasa, a sauke kasko a duba rariya da famfo da metal. Mai mota yana da iko ya ce a gwada masa agogon da idonsa kafin ya biya kuɗin aiki.

DABARU UKU MASU CUTARWA

Ta fari, cire wayar fitila ko liƙe ta da takarda don kada ta tsorata fasinja. Wannan daidai ya ke da ɗaure bakin kare a daren da ɓarawo ke zagaya gida.

Ta biyu, zuba mai mai kauri ƙwarai, ko garwaya shi da man giya, don kuka ya yi shiru. Mai irin 20W-50 ya dace da tsofaffin injuna da yawa a ƙasa mai zafi, amma abin da ya wuce abin da masu ƙera motar suka yarda ɓoye ciwo ne kurum. Wanda zai sayi tsohuwar mota ya kula da wannan, kada ya biya sai ya tuƙa ta ta yi zafi.

Ta uku, sauya famfon mai ba tare da duba metal ba. Sabon famfo ba ya toshe ratar da ta riga ta buɗe.

RIGAKAFI A ƘASARMU

Ƙasar Sakkwato tana da wuya ga inji. A watan Afrilu zafi ya kan wuce digiri 40, mai ya tsinke. Da hunturu kuwa ƙura ta kan bi ta yagaggen filtan iska ta shiga mai, ta riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Ga lodi fiye da kima ran kasuwa, ga rairayin hanyoyin ƙauye.

Mun san hali ya yi tsanani. An rufe iyakar Illela daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, aka kuma janye tallafin fetur a ƙarshen Mayu 2023. Duk waɗannan sun taɓa aljihun mai mota. Amma tsimi a kan baƙin mai shi ne tsimin da ya fi kowane tsada.

A yi lissafi. Daga Illela zuwa Sakkwato kilomita 80 ne da 'yan kai, zuwa da komowa wajen 170. Motar da ke sawu ɗaya kullum ta kan ci kilomita 5,000 cikin wata guda. To, ita juyenta duk wata ne, tare da sabon filta, kada a jira sai mai ya zama kamar kwalta. A sayi mai cikin rufaffiyar jarka mai hatimi da alamar hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, a guji na awo wanda ba a san asalinsa ba. A kakkaɓe filtan iska duk mako da hunturu. Kowace safiya, kafin a ɗauki fasinja, a duba sanda da ruwan lagireto. In an murɗa makulli, a tabbata fitilar ta kama tukuna, sa'an nan ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan inji ya tashi. Fitilar da ba ta kamawa sam ba lafiya ta ke nunawa ba, ta mutu ne.

Muna roƙon shugabannin tasha da iyayen gidan direbobi su bayyana wa yaransu wannan, su kuma daina faɗa wa direban da ya tsaya a hanya saboda fitila ta kama. Wanda ya tsaya ya rasa kuɗin sawu ɗaya ne, amma ya tsirar da motar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.