Ciwon Kan Mai Jego da Ba a Raina Shi

A gidajenmu na Kilomita Biyar, idan mai jego ta koka da ciwon kai, mukan ce gajiyar haihuwa ce. Amma in an yi mata allurar kashe zafi a gadon baya, mu lura. Ƙwaƙwalwa tana zaune cikin ruwa kimanin mililita 150. Idan ya tsiyaye ta hujin allurar, sai ta zazzago, jijiyoyi su ɗame, wani lokaci su tsinke, jini ya taru. Ciwon yakan tsananta a tsaye, ya lafa a kwance. In ya ƙi lafawa, ko amai da ruɗewa suka biyo, a garzaya asibiti. Hoton sikana ke nuna jinin. Likita kan toshe hujin da jinin ita kanta, in taruwar ta yi yawa a yi tiyata. Allah Ya ƙara mana lafiya.