Maganin gyambon ciki da awon jini: abin da ya kamata ku sani

Idan kuna fama da gyambon ciki da ya ƙi warkewa, ko yake yawan dawowa, likita yana iya neman a auna muku wani sinadari a cikin jini mai suna gastirin. Kafin a ɗebi jinin, ku gaya masa duk maganin da kuke sha.

Mene ne gastirin?

Tumbi yana fitar da ruwa mai tsami domin narkar da abinci. Gastirin shi ne ɗan aiken da ke umartar tumbi ya fitar da ruwan. Idan tsami ya isa, sai jiki ya rage gastirin. Idan tsami ya yi ƙasa, sai ya ƙara shi.

Akwai wata cuta da ba ta da yawa, wadda likitoci biyu na Amurka, Zollinger da Ellison, suka bayyana a 1955. Wani ƙullutu ne ke fitowa a farkon ƙaramin hanji ko kusa da shi, yana zuba gastirin fiye da kima. Tsami ya yi yawa, gyambo ya ƙi warkewa. Ita ake nema da wannan awo.

Ina matsalar take?

Magunguna irin su omeprazole suna rage tsamin tumbi ƙwarai. Da jiki ya ji tsami ya ragu, sai ya yi ta ƙara gastirin. Saboda haka awo yana iya nuna gastirin da yawa ga mutumin da ba shi da ƙullutun. Sai hankali ya tashi, a kashe kuɗi a kan wasu gwaje-gwaje ba dalili.

Me za ku yi?

Ku kawo wa likita kwalayen magungunanku duka, har da waɗanda kuka saya wurin masu talla.

Sau da yawa likita yakan dakatar da omeprazole kamar mako 1 kafin awo, wani lokaci ya ba da wani magani a madadinsa. Ranar awo kuma ana zuwa ba a ci kome ba tun daren jiya.

Amma kada ku daina maganin da kanku. Ga mai wannan cuta, dainawa farat ɗaya tana iya sa gyambo ya zubar da jini ko ya huda hanji.

In kun ga aman jini ko baƙin bayan gida, ku tafi asibiti nan take.