Murfin Ɗakin Matuƙi: Hikimar Da Takarda Ta Kāsa

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Gezawa bayan kaka, sa'ad da aka yanke dawa aka jingine kara, zai tarar da yara a gindin bishiya suna feƙe totuwa suna soka ta da ɓawon kara, wannan na ƙera mota, wancan na ƙera jirgin sama irin waɗanda suke hange suna gangarowa za su sauka Kano. Waɗanda suka shiga makaranta sun ƙara da kwali da takarda, har sukan fitar da fiffike da jela yadda ido zai yarda, amma da zarar an zo ga ɗakin matuƙi sai hikima ta tsaya, a ɗauko alƙalami a shafe wurin da shuɗi.

Ba laifin yaran ba ne, ɗabi'ar takarda ce: tana lanƙwasuwa ta fuska guda, ba ta yarda ta kumbura ta fuska biyu, kuma haske ba ya ratsa ta. Jiragen farko ma ba su san murfin ɗakin matuƙi ba. Jirage uku na mayaƙan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarki Usman, a ƙarƙashin Arthur Coningham, matuƙansu a sarari suke zaune, iska na dukansu, suna kāre idanunsu da tabarau. Sai bayan 1930, da aka sami robar nan mai kama da gilashi da ake kira Perspex, sannan murfi mai kumburi ya yawaita.

To, mai jirgin takarda ba ya bukatar Perspex, domin abin aikinsa na nan yashe a kasuwar Gezawa, wato gorar ruwa ko ta lemo. Asirin al'amarin kuwa shi ne, a masana'anta hura robar aka yi tana da zafi har ta buɗe, saboda haka in ta sake jin zafin da ya haura digiri 70 sai ta nemi komawa asalinta, ta tsuke, ta rungume duk abin da ta tarar a cikinta. Sai mutum ya sassaƙa surar murfin da itace mai taushi, irin na rimi, ya goge da samfefa har ya yi sumul. A nan fa aikin yake baki ɗaya, gama robar ba ta da sutura, kowane tabo da wuƙa ta bari sai ta bayyana shi, kuma mai gaggawa a wannan mataki shi ne mai maimaita aiki. Daga nan a yanke gindin gorar, a cusa itacen, a tokare shi da wani guntu don ya matsu da jikinta, a tsoma a tafasasshen ruwa ko a riƙa juyawa a saman garwashi daga nesa. In zafi ya wuce kima sai ta yi fari kamar nono, kuma wannan illa ba ta da magani.

In ta huce a zagaye gefen da reza, a ɗaga murfin, a yanka siraran takarda a liƙa masa a matsayin ƙarafunan da ke riƙe gilashi. A guji gam mai kamawa nan take, domin tururinsa na dusashe roba. Farin gam na kafintoci ya fi, tun da yake in ya bushe ba a ganinsa.

Iyaye da malamai, wuta da reza ba na yaro shi kaɗai ba ne, ku zauna tare da shi ranar da zai gasa gorarsa.