Idan Motsin Ciki Ya Ragu

Kira ga masu sauraro, musamman iyayenmu mata da ke zaune a unguwannin Hausawa na Anaca, da mazajensu da ke wuni a Kasuwar Ochanja, har da 'yan'uwa na Fatakwal da Inugu. Shirinmu na yau a kan mutuwar ɗa a ciki ne, kuma magana ɗaya muke so ta zauna: mai cikin da ta ji motsin ɗanta ya ragu, a ranar ya kamata a duba ta, ko da dare ne.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2020 ya nuna kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai duk shekara, kuma Najeriya na sahun gaba tare da Indiya da Pakistan. Da dama daga cikin sanadin ba ɓoyayyu ba ne. Hawan jinin mai ciki yana takure jinin da ke zuwa mabiyiya, wani lokaci ya ɓamɓare ta daga mahaifa kafin naƙuda. Zazzaɓin cizon sauro, wanda a bakin Kogin Kwara ba ya jiran damina kamar a Katsina, yakan taru a mabiyiya alhali uwar ba ta ma jin zafin jiki. Akwai ciwon suga, da tunjere, da cikin da ya zarce mako 42. Yawancinsu iskar numfashi da abinci suke rage wa ɗan sannu a hankali, shi kuma sai ya rage motsi don ya tattala ƙarfinsa. Wannan ragin shi ne sau da yawa kiran farko, kuma uwa kaɗai ke jin sa.

Za a ce ai ciki yakan kwanta, kakanninmu sun san kwantacce. Ɗa yana barci a ciki, gaskiya ne, amma barcin minti 20 zuwa 40 ne, da wuya ya wuce awa ɗaya da rabi. Wuni guda shiru ba barci ba ne. Haka zancen cewa motsi yana raguwa in wata tara ya kama don wuri ya yi kaɗan: salon motsin yana sauyawa, yawansa bai kamata ya ragu ba. Sai mai cewa bari a jira a kai ta gida Arewa wajen uwarta ta haihu. Goyon ciki al'ada ce mai daraja, sai dai daga Anaca zuwa Kano tafiyar wuni ce ko kwana a mota, kuma ɗan da ke ƙarancin iska ba shi da wannan lokacin. Babban Asibitin Anaca da asibitocin mishan na garin sun fi kusa, sauraron bugun zuciyar ɗan kuwa aikin 'yan mintuna ne. Wadda ba ta jin Ibo ko Turanci ta tafi da maƙwabciya mai ji. Batun ƙaddara kuma, babu malamin da ya hana neman magani.

Maigida, kai ma da naka. Ka bar izini da kuɗin mota tun da safe, kada a tsaya neman ka a waya cikin hayaniyar kasuwa. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, fashewar faya kafin lokaci, zazzaɓi, duk hukuncinsu ɗaya da raguwar motsi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awon ciki aƙalla sau 8, a nan ne ake gwada jini da fitsari, a ba da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro bayan wata uku na farko. Daga mako 28 kuma, a riƙa kwanciya ta gefe, a cikin gidan sauro.