Takarda ko Fuskar Waya: Ina Littafin Hausa Zai Kwana?

A watan Nuwamba na 2007 kamfanin Amazon ya fito da Kindle, wata 'yar na'ura da ba ta da aikin komai sai karatun littafi. Fuskarta ba ta walƙiya kamar ta talabijin. Wata irin tawadar lantarki ce ke zana baƙaƙen, har mutum ya iya karatu da ita cikin tsakar rana, kuma waɗanda ake ƙerawa yanzu caji ɗaya na kai su makonni. Tun daga lokacin masu karatu a Amurka da Turai suke ja-in-ja: wasu sun ce ɗaukar dubban littattafai a aljihu ya fi musu, wasu sun ce ba su rabuwa da takarda.

A ƙasar Hausa gardamar ba ta zo da wannan siffa ba, domin ƙalilan ne suka taɓa riƙe Kindle. Abin da ya kwashe masu karatu daga takarda a nan shi ne wayar hannu, wadda da ma tana hannun kowa. Tun a 2014 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto kan karatu a waya, bayan ta tambayi dubban mutane a ƙasashe bakwai da suka haɗa da Najeriya da Ghana, ta kuma gano cewa mata, da zarar sun fara, sun fi maza daɗewa suna karantawa. Duk wanda ya san adabin kasuwar Kano ba zai yi mamakin haka ba.

A shekarun 1990, lokacin da littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu suke tashe, karatun yau da kullum yana da nasa tsarin. Littafi yakan fito kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku. Wadda ba ta da kuɗin saye sai ta aika ƙaninta shagon haya, ya karɓo mata na kwana ɗaya. Kwafi guda yakan zaga gidaje har bangonsa ya yage a liƙe shi da salatif. Wannan kasuwa ta ja baya ƙwarai, kuma ba waya kaɗai ce ta kayar da ita ba. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa wadatar da ƙasa, takardar ɗab'i daga waje ake shigo da mafi yawanta, sannan faɗuwar darajar Naira tun daga tsakiyar 2023 ta ƙara tsawwala kuɗin buga littafi.

Waya ta buɗe ƙofar da takarda ta rufe, kuma ya kamata a faɗi wannan da babbar murya. Matar aure a ƙauyen Katsina tana iya rubuta labari a ɗakinta bayan yara sun yi barci, ta tura shi zauren WhatsApp ko Wattpad, kafin gari ya waye an karanta shi a Maraɗi da Kumasi da Makka. Ba ta bukatar maɗaba'a, ba ta jiran dillali ya sayar kafin ya biya ta. Takan saki shafukan ɗanɗano kyauta, in labari ya kai inda ba a iya haƙuri sai ta sanar cewa littafin na kuɗi ne, ga lambar asusu, 'yan Nijar kuma ga lambar da za su tuntuɓa. Dattijon da idonsa ya raunana yana ƙara girman baƙi yadda yake so. Wadda ba ta iya karatun boko ba ma tana sauraron wanda aka karanta aka ɗora a YouTube. Ban ga dalilin da zai sa mai ƙaunar harshen nan ya yi baƙin ciki da wannan ba.

To, me masana suka gano game da fahimta? A 2018 wasu masu bincike, Pablo Delgado da abokan aikinsa, sun tattara nazarce-nazarce fiye da 50 da suka shafi mutane sama da 170,000. Sun iske cewa masu karatu a takarda sun ɗan fi fahimtar rubutun ilimi da bayani, musamman idan an ƙayyade lokaci, amma a ƙagaggen labari ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Anne Mangen ta Jami'ar Stavanger da ke Norway ta ba wasu mutane labari guda, wasu a takarda wasu a Kindle, sai masu Kindle suka fi rikicewa wajen jera abubuwan da suka faru daki-daki. Hannu yana taya ƙwaƙwalwa ajiya: kaurin shafukan da suka wuce a gefe guda yana gaya wa mai karatu inda yake. Gwamnatin Sweden ma a 2023 ta koma zuba kuɗi wajen sayen littattafan takarda ga makarantu, bayan shekarun da ta yi tana dogara da kwamfutocin hannu. Sai a ƙara da cewa waya ba Kindle ba ce. Kana tsakiyar shafi saƙo zai shigo, kira ya biyo baya, ga hasken fuskarta da ke korar barci da dare. Saboda haka ɗalibin da ke shirin jarrabawa, in yana da hali, ya nemi takarda. Mai karatun hira kuma wayarsa ta ishe shi.

Abin da ya fi damuna yana wani wajen. Littafin takarda in ka saya naka ne. Ka ara wa maƙwabci, ka bar wa 'ya'yanka. Na cikin manhaja kuwa kamar ɗakin haya yake, ranar da mai gida ya ce a tashi ba ka da ta cewa. A 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 saboda rikicin haƙƙin mallaka, ko da yake ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan lantarki, duk abin da mutane suka saya ya daina buɗuwa. Mu ma abin ya iso gida: OkadaBooks, manhajar da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wadda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023. Wannan ma kamfani ne mai ofis da sanarwa. Ina ga labarin da bai taɓa fita daga zauren WhatsApp ba? Waya ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya fizge ta, ko wuri ya cika a goge, shi ke nan.

A kwatanta da abin da ya faru a Zariya. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Yau fiye da shekara casa'in ke nan ana karanta su, domin an tace su, an buga su, kwafinsu ya shiga makarantu da ɗakunan karatu, kamfanin ɗab'i na NNPC kuma ya ci gaba da sake bugawa. Dubban labaran da 'yan matanmu ke rubutawa a waya yanzu su ne shaidar yadda ake aure da kishi da talauci da magana a wannan zamani. Gaskiya ne da yawansu ba su ga edita ba, an zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, Turanci ya cakuɗe da Hausa, wasu kuma batsa ta yi musu yawa. Amma a cikinsu akwai masu kyau ƙwarai, kuma babu wanda ke ajiye su. Abin takaici, kwafin da ya fi daɗewa shi ne na sata, wanda ake yaɗawa kyauta duk da "ban yafe ba" da marubuciya ta rubuta a saman kowane shafi.

Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi a Najeriya ya kai kwafi uku a adana. An tsara ta ne da takarda a zuci, don haka labarin da ke yawo a waya ba ya isa can da kansa. Aikin ya rage ga waɗanda abin ya shafa kai tsaye. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, tare da Arewa House a Kaduna da rassan ƙungiyar marubuta ta ANA, za su iya buɗe rumbu guda inda marubuciya za ta kai cikakken littafinta da sunanta da shekarar da ta gama shi, bisa sharaɗin ba za a raba shi ga jama'a ba sai da izininta. Ƙungiyoyin marubutan intanet, waɗanda ke da mambobi da shugabanni da ƙa'idoji, su zaɓi littattafai biyar ko goma mafi inganci kowace shekara, a tace su, a haɗa kuɗi a buga ko da kwafi ɗari biyu ne, uku daga ciki su tafi Abuja kamar yadda doka ta ce.